Ɗan Farin Dada Kaltume

Shekara goma sha tara Sista Hilda ta yi tana sa mutane barci a ɗakin tiyata tana tashinsu, kuma in ka tambaye ta abin da ya fi ba ta wahala a aikin, ba za ta ce allura ba, ba za ta ce jini ba. Cewa za ta yi tambaya. Ka tambayi mutum ko ya ci abinci kafin a yi masa aiki, ya rantse maka bai sa komai a baki ba, sai an kwantar da shi ya tuna ashe ya sha kunu kofi biyu. Ka tambaye shi ko yana shan wani magani, ya ce ko kusa, alhali gorar jiƙo na ƙarƙashin filo. Da irin waɗannan take fama kullum a wani ƙaramin asibiti da ke Jambutu, shi ya sa fuskarta ba ta cika sakewa ba kafin azahar.

Wata Talata a watan Afrilu, lokacin da zafin Jimeta ke sa kwalta ta yi laushi, aka sauke wani saurayi daga Keke Napep yana riƙe da gefen cikinsa na dama. Sunansa Mu'tasim, shekararsa ashirin da huɗu, sana'arsa sa tayil a gidaje. Mahaifiyarsa ce ta rako shi daga Yolde Pate, wata siririyar dattijuwar Bafulatana mai suna Kaltume, wadda kowa ke kira Dada. Mai asibitin, Dokta Nwabueze, haifaffen Jimeta ne, Hausarsa ta fi Ibonsa gudu. Ya danna cikin sau biyu, Mu'tasim ya yi ƙara, likita ya ce afendis ne, kuma in ba a cire shi kafin la'asar ba zai fashe.

Sai aka turo wa Hilda shi da takardarta ta tambayoyi. Ta ja kujera gefen gado ta fara. Da ta zo kan ko ya taɓa wani ciwo na daban, Mu'tasim ya yi murmushin ƙarfin hali.

"Ni dai lafiyata ƙalau, Sista. Sai dai in na yi aiki a rana sosai, cinyoyina su ɗaure kamar an sa igiya. Bara ma da muka yi wani gini a wannan watan, fitsarina ya koma kamar baƙin shayi kwana biyu. Mai kemis ya ce shawara ce."

Biron Hilda ya tsaya. Ta dube shi ta saman tabarau.

"A gidanku akwai wanda aka taɓa yi wa aiki ya samu matsala?"

"Sai dai Hamma Bobbo, babban yayanmu. An kai shi asibiti a Mubi ina ɗan shekara tara, bai dawo ba. Ban san me ya faru ba, an dai ce mana ajali ne."

Hilda ta juya wajen dattijuwar da ke zaune a ƙasa kan ɗankwalinta, ta ƙi kujera.

"Dada, yaya aka yi da yayansa? A wajen aiki ne ya rasu?"

Dada Kaltume ta mayar da fuskarta bango, kamar da wani ake. Hilda ta maimaita da ƙarfi, ta zaci kunne ne. Sai dattijuwar ta ce, a hankali, "Walaa," wato babu, da Fulatanci.

"Babu me, Dada? Ɗanki fa nake tambaya."

"Yaro ya faɗa miki abin da ya sani. Ni ban san kowa ba."

Mu'tasim ya taɓo hannun Hilda yana cije leɓe. "Sista, ki bar ta. Ɗan farinta ne. Ko yana raye ba ta kiran sunansa, ba ta maganarsa. Kakarmu ce ta raine shi. Tun da nake ban taɓa jin ta ce uffan a kansa ba."

Hilda ta san wannan al'ada sarai. A Numan ta tashi, maƙwabtansu Fulani ne, ta ga uwar da ɗan farinta zai faɗi a gabanta ta ɗauke kai sai wata ta ɗaga shi. A da abin har burge ta yake yi. Yau kuwa ji ta yi kamar ta ɗaga takardar ta buga a ƙasa, don abin da take tsoro ba ƙaramin abu ba ne.

Ga abin da take tsoro. A cikin kowace ƙwayar tsoka ta jikin ɗan Adam akwai wani ɗan rumbu da ake tara sinadarin kalsiyam, kuma rumbun yana da ƙofa. In mutum zai ɗaga hannu, jijiya ta aiko saƙo, ƙofar ta buɗe, kalsiyam ya zubo, tsoka ta ɗaure, sannan ƙofar ta rufe a kwashe shi a mayar, tsoka ta saki. Haka ake yi dare da rana ba wanda ya sani. Masana sun sa wa ƙofar suna rayanodin. To a wasu gidaje ana gadon ƙofa mai sakata maras kyau. Mutum zai yi rayuwarsa lafiya, ya yi noma, ya yi dako, amma ranar da ya shaƙi iskar sa barci irin halotan ɗin da ke cikin injin Hilda, sai ƙofofin su wangale gaba ɗaya su ƙi rufuwa. Tsokar jiki duka ta ɗaure, jiki ya yi ta ɗaukar zafi har zuciya ta gaza. Sau ɗaya Hilda ta gani, a jikin wata mata, tana ɗaliba. Har wajen masu sayar da kifi aka ruga neman ƙanƙara, amma matar ba ta kai awa biyu ba. Maganin da ke rufe ƙofar kuwa babu shi a asibitinsu, kuma ba ta san inda za a samo shi ba kafin mai aukuwa ta auku.

Abin da sauƙi, in da mutane na da sauƙi. Ana iya cire afendis da allurar baya, wadda ke kashe jiki daga cibiya zuwa ƙasa, ba ruwanta da waccan ƙofa. Hilda ta bayyana wa Mu'tasim haka. Ai kuwa saurayin nan da ke nishi ya yunƙura ya zauna kamar an tsikare shi.

"Allurar baya? Wallahi a'a. Sista, saura wata biyu bikina."

"To me ya haɗa biki da allura?"

Ya saci kallon mahaifiyarsa, ya rage murya. "Abokina Boaz da muke aiki tare, an yi wa kawunsa. Tun daga ranar mutumin nan bai sake zama namiji ba. Duk unguwa an sani."

"Kawun Boaz shekararsa nawa?"

"Zai yi saba'in."

"Kai, Yesu ka ba ni haƙuri," in ji Hilda. "Mutum ɗari nawa na yi wa allurar nan? Rabinsu sun dawo da matansu haihuwa a ɗakin can. Wani ma sau biyar. Kana so in kira maka su a waya?"

Mu'tasim ya girgiza kai. Shi dai a sa masa iska ya yi barci kamar kowa. In Sista tana da tabbacin iska ce ta kashe Hamma Bobbo, to, ya yarda da allurar. Amma don zato kawai ba zai ba da bayansa ba. Ya karɓi biro ya sa hannu a layin iska, ya koma ya kwanta yana nishi, yana jin ya yi dabara.

Hilda ta tafi ofishin likita ta tarar da shi yana cin gyaɗa a tsaye.

"Dokta, ba zan sa wa yaron nan iska ba."

Ya saurare ta har ta gama, don ba wawa ba ne, kuma ya san ba ta cika tada hankali a banza ba. Sannan ya kakkaɓe hannu.

"Sista, abeg. Wannan ciwo na littafi ne, mutum ɗaya cikin dubbai. Fitsari ya yi baƙi a zafin Yola, wa bai taɓa ba? Mama ta ce babu, mai ciki ya ce ba ya son allura, ni ba zan danne babban mutum in soka masa abu a baya ba. Da allurar barci ta jijiya kaɗai kuma cikinsa ba zai saki ba, kin ga ƙirarsa. Ki nemo katin yayan."

"A Mubi? Dokta, a shekarar da 'yan Boko Haram suka shiga garin, mutanen nan da ƙafa suka fito. Wa ya tsaya ɗaukar kati?"

"Baban fa?"

"Yaron ya ce ya rasu a nan Yola, bayan gudun da shekara ɗaya."

"To ki kawo mini magana ɗaya daga bakin Mama, ni da kaina zan lallashi yaron. Ƙarfe biyu zan shiga. In abin nan ya fashe a cikinsa, wannan wahala ba zato ba ne, na gani da idona."

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya fi ƙona wa Hilda rai. Agogon bango ya nuna ɗaya saura kwata.

Ta samu Dada Kaltume ta fito baranda tana jan carbi. Hilda ta gane ta yi kuskure da farko, da ta yi tambayar a gaban ɗa, da babbar murya, kamar mai kiran fasinja a tasha. Sai ta cire takalmi ta zauna a ƙasa kusa da ita, duk da gwiwarta na ciwo. Ta gaishe ta da ɗan Fulatancin da ta tsinta a ƙuruciya. Ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ta ce Allah ya jiƙan maigida. Duk Dada ta amsa da kyau, har da murmushi. Sannan Hilda ta sassauta murya.

"Dada, ba sai kin kira suna ba. Ba sai kin ce naki ne ba. Ki ce mini wani yaro ne a unguwarku. Abu biyu kawai nake so in sani: an sa masa abu a hanci? Jikinsa ya yi zafi?"

Carbi ya ci gaba da tafiya.

"To ki gyaɗa kai kawai. Ko ki girgiza."

Kan nan bai motsa ba. Hilda ta yi mata bayanin rumbu da ƙofa, da sakatar da ake gado, har ta nuna mata famfon baranda da ke ɗiga, ta ce kamar a buɗe shi ne kan ya karye a hannu. Dada ta kalli famfon da natsuwa ta ce, "Allah ne mai yi, Sista. Ku dai ku yi aikinku."

Nan haƙurin Hilda ya ƙare. Ta miƙe tana dafa bango.

"Aikinmu! Aikina ke nan nake yi, Dada, ke ce kika tare hanya. Kunya! Wanda ya tafi ya tafi, kunyarsa me za ta ƙara masa? Ga mai rai can a kwance. In na sa masa iskar nan ya sandare a hannuna, ni ce zan fito in faɗa miki, ba al'ada ba!"

Masu jinya da ke baranda duk suka waiwayo. Wata mata ta ce, "Haba Sista, ai babba ce." Dada Kaltume ba ta ɗago ba. Hilda ta kwashi takalmanta a hannu ta wuce, tana jin haushin dattijuwar, da na saurayin, da na kawun Boaz da ba ta taɓa gani ba, da nata na kanta da ta ɗaga wa tsohuwa murya.

A ɗakin tiyata ta tsaya gaban injin ta rasa abin yi. In ta ƙi aikin, sai an ɗauki yaron zuwa wani asibiti, inda babu wanda zai tsaya jin labarin baƙin fitsari, iskar dai za su sa masa. In ta yi, to ita ta yi. Ta aika a cika mata bokiti biyu da ƙanƙara daga shagon lemo na ƙetaren titi, ta jera ledojin ƙarin ruwa a firji, tana yi tana tsaki. A gefe kuma ta ajiye allurar baya a kan tire, ko Allah zai sa wani ya yi hankali.

Ƙarfe biyu saura minti biyar aka turo Mu'tasim a kan gado mai taya. Ƙofar ɗakin tiyatar a buɗe take, ana hango injin da baƙar robar da ake kifawa a fuska tana rataye. Ma'aikacin da ke tura gadon ya ce a ba da hanya. Ba a ba shi ba. Dada Kaltume ce tsaye a tsakiyar hanyar, ta riƙe ƙarfen gadon da hannu biyu, idonta a kan baƙar robar nan.

Ba Hilda ta kalla ba, ba likita ba. Ɗanta ta yi wa magana, da Hausa, don kowa ya ji.

"Irin wancan aka sa masa. Ƙari ne kawai a wuya, da ƙafarsa ya shiga yana dariya. Ba a jima ba na ga suna gudu da bokiti. Da aka bar ni na shiga, na taɓa goshinsa, kamar tukunya a kan murhu. Haƙoransa sun ƙulle, hannunsa ya ƙi lanƙwasuwa." Ta ƙara damƙe ƙarfen gadon. "Bobbo. Ni na haife shi. Ka ba su bayanka, Mu'tasim."

Mu'tasim ya buɗe baki yana kallon mahaifiyarsa kamar yau ya fara ganinta, hawaye na bin gefen kunnensa. Dokta Nwabueze ya cire hularsa ya mayar, ya ce a hankali, "Sista, kawo takardar ya sake sa hannu." Ba wanda ya sake ambatar biki.

Hilda ta cire tulun halotan daga injin gaba ɗaya, ta sa aka fitar da shi daga ɗakin. Ta zaunar da saurayin ya rungumi filo ya lanƙwasa, ta lalubo gurbin tsakanin ƙasusuwan baya, ta soka sau ɗaya. Minti arba'in aikin ya ɗauka. Afendis ɗin ya kumbura ya yi baƙi, saura ƙiris. Duk tsawon lokacin Mu'tasim idonsa biyu, yana kallon silin, bai ce komai ba sai sau ɗaya da ya tambaya ko ƙafafunsa suna nan. Hilda ta ce suna nan, da duk sauran kayansa, ya yi mata shiru.

Da la'asar ta fito baranda da wani kati da ta rubuta da jan biro, wanda zai riƙa nunawa a duk asibitin da ya je. Dada na zaune a inda take ɗazu. Hilda ta sake durƙusawa, gwiwa na ƙara.

"Dada, ki yafe mini, na yi miki tsawa. Yana lafiya, anjima za ki shiga. Amma akwai sauran aiki. Abin nan gado ne, daga uwa ko daga uba. Ƙannensa mata da 'ya'yansu, kowa sai an faɗa masa, kada a sa musu iskar nan ko da cire haƙori ne."

"Daga wajena ne," in ji Dada.

Hilda ta dube ta.

"Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. A Garwa, ina amarya. Ƙafa ya karya, aka shiga da shi gyara. Shi ma haka aka fito da shi, da zafi, a sandare." Ta juya carbin a hannunta ba tare da ta ja ba. "Sista, ke da kika san abin nan. Da likitan Mubi ya ji labarin ƙanena, da bai sa wa yaron iska ba?"

Hilda ta yi shekara goma sha tara tana jin haushin mutanen da ba sa faɗin gaskiya, amma yanzu ita ce ta shiga laluben abin da za ta faɗa wanda ba gaskiyar ba.

"Dada, ba kowane likita ke tambaya ba. Tun da ba su tambaye ku ba, ba laifin kowa..."

"Sun tambaya," in ji Dada Kaltume. "Kamar yadda kika yi, da takarda. Surukata ce ta amsa, ita ke riƙonsa, ta ce babu. Ina tsaye a bakin ƙofa, ina ji."